Wata Shida na Dattijon Waziriyya

Dattijon da ke gabana a bankin unguwar Waziriyya a Jidda jallabiyarsa a goge take, tafin hannunsa da kanta irin ta tsohon direba. Shi kaɗai ya zo. Takardar shaida yake nema cewa kuɗinsa sun yi wata shida a asusu, sharaɗin bizar ritaya a ƙasar da 'yarsa ke aure.

"Ya ammi, saura kwana biyar," in ji ma'aikacin, yana kiransa baffa da Larabci. "A can da watan Miladiyya suke ƙirgawa."

"Ni daga Muharram na fara. Jibi iƙamata, izinin zamana a nan, za ta ƙare."

Yana lanƙwasa yatsu, yana sake jero watannin da Hausa a hankali. Ina jin a Jidda aka haife shi, da Hijiriyya ya tsufa. Ya waiwayo yana neman wanda zai tambaya. Kowannenmu wayarsa yake kallo.