Kwaɗon Ƙarya na Kawu Odell

Kawuna Odell Tubbs ba ya ƙarya a kan tudu. Ya yi shekara da shekaru yana tuƙa motar makaranta a ɗan garinmu na Alabama ba a taɓa kai ƙararsa ba, ran Lahadi kuma shi ke tsayawa ƙofar coci yana nuna wa mutane wurin zama. Amma da ƙafarsa ta taka jirginsa na kamun kifi, duk abin da ya fito daga bakinsa ka bar shi nan bakin tafki, kada ka kai gida.

Ni ce Vernice, 'yar ƙanwarsa, mai shagon nan na matsayar jirage inda masu kamun kifin nan da ake kira bas ke shan kofi da sassafe su sayi ƙanƙara da zaren fatsa. Na sha ƙaryar masunta har ta ginshe ni. Mai kamun bas ba ya sa tana mai rai a ƙugiya, abincin ƙarya yake sawa: tanar roba, kifin katako, kwaɗon roba, kala-kala. Kowa kuma yana ɓoye wanda ke yi masa aiki kamar sirrin cikinsa. Kafin mutum ya iso matsaya sai ya laɓe bayan tsibiri, ya yanke na gaskiyar ya cusa a aljihu, ya ɗaura wani daban don masu leƙe.

Na Kawu na nunawa wani kwaɗo ne ruwan hoda, mummuna, mai ido ɗaya a karkace. Shi yake reto a sandarsa kullum in ya dawo. Na gaskiyar kuwa ko matarsa, Inna Earline, ba ta taɓa gani ba. Don haka ne bai taɓa ɗaukar kowa a jirginsa ba. Shi kaɗai zai fita, ya kama, ya saki kamar yadda ake yi a nan, ya dawo ya ware hannuwa ya ce, "Kamar haka yake, laba goma ba ragi." Sai shagon ya ɗauki dariya.

Wanda ya fi kowa dariyar shi ne Baba Purvis Gaither, tsohon ma'aikacin injin katako, abokin hamayyarsa tun suna samari. Kofin gasar da ake yi duk bazara tsakaninsu yake yawo, bana gidan wannan, baɗi gidan wancan.

"Laba goma?" in ji Baba Purvis. "Kai Odell, ka ji tsoron Allah, jibi fa Lahadi."

"Kai da ko kifin gwangwani sai ya kuɓuce maka, me ka sani?"

Abu ɗaya ne Kawu ba ya rowarsa, gyaran injin naɗe zare. In sanyi ya shigo kifi ya yi ƙasa, sai ya shimfiɗa farin tawul a teburin cin abincin Inna, ya kwance injinan ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗan ƙarfe da ya ciro sai ya sa shi a gurbin kwalin ƙwai, bi da bi, don kada ya rikice wajen mayarwa. Ya goge da tsohon buroshin haƙori, ya ɗiga mai ɗigo ɗaya tak a boris, ya shafa giris kaɗan a haƙoran ciki. In ya ga wani ya cika mai sai ransa ya ɓaci, ya ce ai gida ka gina wa yashi. Yana kuma faɗa da duk wanda ya ajiye inji bai sassauta birkinsa ba. Rabin injinan garin nan ta teburin suka bi, har da na Baba Purvis, wanda kan kawo nasa a jaka bayan ya yanke duk abin da ke bakin zaren, ya zauna ya cinye burodin masarar Inna yana kushe aikin.

A kakar bara ne abin ya faru. Ƙugiyar Kawu ta maƙale a kututture, ya miƙe tsaye zai ciro ta, jiri ya kwashe shi, sai ji ya yi tsundum. Rigar hana nutsewa da ke jikinsa ce ta cece shi. Ya iso matsaya sharkaf yana karkarwa, yana cewa wani ƙaton kifi ne ya fizge shi. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Inna Earline ta zo ta kalle shi sama da ƙasa, ta miƙa hannu.

"Makulli."

"Haba Earline, ɗan zamewa ne kawai."

"Makulli na ce. Ba ka ƙara shiga ruwan nan kai kaɗai. Ka samo wanda zai zauna a bayan jirgin, in ba ka abinka. In ba haka ba, in shuka furanni a cikinsa."

Ta jefa makullin a jakarta ta zuwa coci, ta danne. Duk wanda ya san Inna ya san magana ta ƙare.

To ga Kawu a tsaka mai wuya. Duk wanda ya zauna a jirginsa zai ga abin da yake ɗaurawa da inda yake jefawa. Ko dai ya bar sirrinsa, ko ya bar tafki. Ya fara neman hanya. Ya ce wa Inna ta zo ita, tunda ba ta san tana da kwaɗo ba. Ta ce ita da ruwa sai a kofi. Ya ce kare fa, ai shi ma rai ne? Ta ce ranar da kare ya iya tuƙa jirgi ya kira asibiti, a zo a yi magana. Samarin gari suka yi ta kawo kansu, baki har kunne, ya kore su, ya ce kafin azahar za su sa shi a waya duk duniya ta gani.

Baba Purvis kuwa kullum sai ya tsokane shi. "Ni fa zan iya zama maka, Odell. Amma ka sani idona biyu, kuma duk suna aiki."

"Gara in sayar da jirgin."

Sanyi ya wuce, ruwa ya fara ɗumi, bas suka hauro bakin gaɓa. Wannan ne lokacin da mai kamun kifi ke jira duk shekara. Kawu ya riƙa zuwa shagona da sassafe cikin hularsa ta fita, ya zauna bakin taga, jirage na tashi ɗaya bayan ɗaya, shi yana juya kofi har ya huce. Ya daina musu, ya daina ƙarya, har ya rame. Tausayinsa ya kama ni, ni kuma in tausayi ya kama ni faɗa nake yi.

"Kawu," na ce, "sirrin nan naka soya shi za ka yi ka ci? Dubi yadda ka koma. Wa kake ɓoye wa, mutanen da rabinsu sun mutu?"

Can da Baba Purvis ya shigo sayen ƙanƙara, sai Kawu ya ce, yana kallon taga, "Asabar. In ka makara na tafi na bar ka."

"Ka tafi da wane makullin?" in ji Baba Purvis.

Inna ta ba da aron makullin. Abin da ya faru a ruwa ran Asabar ɗin ban gani da idona ba. Amma kowannensu ya ba ni labari daban, kuma labarin ya zo ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba a shagon nan.

Kawu bai kai shi wurinsa na gaskiya ba. Ya tsaya a wani lungu mai ganyen bado, ya ci gaba da jefa kwaɗonsa ruwan hoda, wai ko zai kai yamma bai tona kansa ba. Baba Purvis a baya ya ɗaura wata baƙar tanar roba mai jan wutsiya yana jefawa. Rana ta ɗaga, ba wanda ya samu ko taɓi. Kawu na satar kallon abokinsa, ransa na ƙuna, don mutumin jan tanar yake da sauri kamar mai janyo guga daga rijiya. Ya daure, ya daure, ya kasa.

"Kai, wa ya koya maka jan tana haka? Bar ta ta nutse har ƙasa! In ta zauna ka ɗaga kan sanda a hankali, ka sake ta ta koma. Yawanci tana faɗuwa suke ɗauka. Kana kallon zaren, in ya motsa gefe ka soke."

"Ji mai koyarwa," in ji Baba Purvis. "Kai da kake jan kwaɗo kamar akuyar da ta ƙi kasuwa? Ɗora shi kan ganye ka bar shi ya huta. Ka ɗan girgiza, ka tsaya. In kifi ya fantsamo kada ka fizga, sai ka ji nauyinsa a hannu tukuna."

Sai suka kalli juna.

"Ina ka san kwaɗo haka?" in ji Kawu.

Baba Purvis ya sosa ƙeya, ya sa hannu a aljihun ƙirji, ya fito da kwaɗo ruwan hoda, duk jikinsa shaidar haƙoran kifi. "Da shi na ci kofunana. Cewa na yi, Odell ya san kowa ya ɗauke shi maƙaryaci, saboda haka gaskiyar zai rataya a fili. Na gwada sau ɗaya, suka yi ta hawa."

"Kwaɗon nan? A kwandon shara na tsince shi! Ko sau ɗaya ban taɓa jiƙa shi ba sai yau."

"To kai ina ka san tana?"

Kawu ya cire hularsa. A cikin naɗin hular, ga baƙar tana mai jan wutsiya a kwance. "Shekarar da ka fara cin kofi, ka shiga shago shan kofi, na ɗaga tamfol ɗin motarka na leƙa."

"Don ɓarayi irinka na ajiye ta a wurin! Ni ban taɓa kama ko ɗan tsako da ita ba."

Baba Purvis ya yi dariya har jirgin na tangaɗi, sai da Kawu ya ce ya zauna kada a sake kwasar wani daga ruwa. Shi Kawu haushi ya fara ji, don shekara talatin da wani abu yana gadin ƙaryar wani kamar dukiyar gado. Ni kuma nawa haushin daban ne: ashe duk tsawon shekarun nan su biyun daga birni suke sayo kayansu a ɓoye, don kada in gani in faɗa, ga shagona a buɗe.

Da dariyar ta lafa, Kawu ya tayar da injin jirgin. Ya kai su can tsakiya, inda tsohuwar hanyar mota ta nutse tun da aka tare kogin, wurin da bai taɓa nuna wa ɗan Adam ba. Ya ɗaura tanarsa a gaban idon Purvis, ya jefa, ya bar ta ta sauka. Zaren ya yi gefe. Ya soke, sanda ta lanƙwashe, birkin inji ya fara kuka. Kifin ya yi tsalle ya buɗe baki kamar bokiti, ya koma ƙasa. Kafaɗar Kawu ba kamar da ba ce, kuma da ya jawo shi gefen jirgi ya sunkuya, sai jirin nan ya taɓa shi. Baba Purvis ya damƙi bayan rigarsa da hannu ɗaya, ya zura homa da ɗayan, ya kwaso kifin.

Suka auna shi, suka kalle shi, Kawu ya mayar da shi ruwa a hankali, ya riƙe shi har ya buga wutsiya ya tafi.

Da suka dawo, Inna Earline na zaune a shagona da jaka a cinya tana jiran makullinta. Shagon cike yake. Aka ce, to Kawu, yau laba nawa? Ya buɗe baki, sai Baba Purvis ya riga shi.

"Takwas da ɗoriya. Ni na kwaso shi da hannuna. Duk wanda bai yarda ba ya same ni a waje."

Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya zo wajen kanta kamar zai karɓi kofi, na ga idonsa ya ciko. Ya rage murya ya ce, "Vernice, duk shekarun nan ni kaɗai nake ganinsu. In saki, in dawo in faɗa, a yi dariya. Yau wani ya gani."

Ya ajiye makullin a gaban matarsa. Inna ta kalle shi, ta kalli Baba Purvis da ke can yana ware hannuwa, kifin har ya fara girma. Ta tura makullin ya koma gaban mijinta.

"Ku biyu," ta ce. "Kullum."

"Ji nan, Purvis," in ji Kawu, yana share ido da bayan hannu. "Asabar ka zo da wuri. Kuma ka kawo injin nan naka, tun safe nake jin yana kukan yashi."