Ranar da Kawu Ya Miƙa Wuƙa

Kawu Ba-Zama mahauci ne, kuma sunan ya bi shi, don ko abinci a tsaye yake ci. Tun yana saurayi, in ya wasa wuƙa sai ya goga ta a babban yatsansa, ya ga ɗan jini, sannan ya yarda ta yi kaifi.

Wata rana yana cikin sara ƙashi ƙirji ya danne shi, aka kwashe shi sai asibiti. Likita ta ce jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini ne suka buɗe fiye da kima. Gogan har ya fara washe baki, wai ai faɗi ya fi ƙunci. Ta ce ina, jini in ya samu fili lalaci yake yi, ya tsaya ya daskare ya toshe hanya. Ta ɗora shi kan maganin tsinka jini, ta ce shi da maganin nan mutu ka raba, kuma ya kiyayi yankewa.

Mahauci fa ake gaya wa! Yana komawa teburinsa ya goga wuƙa a yatsa. Jini ya ce salamu alaikum, ya ƙi tsayawa. Tsumma ya jiƙe sharkaf, masu saye suka watse, wata tana cewa ita naman sa ta zo nema, ba na mutum ba.

Sai ya ƙirƙiro dabararsa: ranar aiki ba magani, ranar hutu ya haɗiye biyu. Matarsa ta gano, ta tona shi a gaban likita. Likita ta ce ranar da ya tsallake jinin zai iya daskarewa, ranar da ya ninka zai iya ɓallewa ta ciki, duk biyun hanyar kabari ce.

A hanyar gida matar ta ce, "Malam, ko ka ba ni wuƙar nan, ko ka bar ni da marayu."

Ya yi ta sintiri a tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Washegari ya miƙa mata, bai ko kalle ta ba.

Shekaru sun ja, ciwon ƙirjin bai dawo ba. Yana zuwa gwajin jini yana mita, yana shan magani yana mita. A kasuwa ita ke yanka, shi yana zagaye bayanta, hannu a aljihu, wai tana barin tsoka a jikin ƙashi. Ita kuwa ko ɗagowa ba ta yi, sai dai ta ce ya matsa, ya tare mata haske.