Makin da na ba kaina a Dungas

Makarantarmu ta koyon sana'a a Magariya ta yi yarjejeniya da masu shaguna, su karɓi ɗaliban kwamfuta wata biyu domin aikin koyo da muke kira sitaj. Ni aka tura ni Dungas, wurin wani dattijo mai shagon buga takardu da gyaran waya, saboda gidanmu yana Dogo-Dogo, ba nisa.

An haɗa ni da takardar shaida mai layi goma sha biyu, ko sha uku, ban tabbata ba yanzu. Maigidan shagon ne zai ba da maki a kowane layi, kuma ba a ba da difloma sai da ita.

Ranar da na gama na miƙa masa. Ya juya ta gaba da baya, ya buga hatimi, ya sa hannu, ya mayar mini da ita babu maki ko ɗaya. Ya ce shi bai yi lakol ba, wato makarantar boko, in cike da kaina tunda na fi shi sanin abin da suke tambaya.

Kwana biyu ina kallonta. Layi ɗaya yana tambaya ko na iya haɗa rezo, wato sada kwamfutoci da juna, alhali kwamfuta ɗaya ce a shagon. Abin da na fi yi shi ne zuba wa'azi a wayoyin manoma ranar kasuwa, da cire ƙura daga na'urar hoto, kuma babu layin da ya ambaci waɗannan. Inda ban taɓa aikin ba na bar wurin fili, sauran na ba kaina sha ɗaya bisa ashirin.

Da na karanta masa, ransa ya ɓaci.

"Ɗana, me na yi maka? So kake a ce a Magariya shagona ba ya koyar da komai, su daina turo mini ɗalibai?"

Na ce, Baba, gaskiya nake nema. Ya ce gaskiyar ita ce ban taɓa makara ba, ban ɓata wayar kowa ba, a wurinsa wannan sha takwas ne.

Na kai maganar wurin mushenmu, wato malaminmu mai kula da sitaj, ina zaton zai raba gardama. Ya ce fili a takarda yana hana difloma, kuma hukuncin na maigida ne, in rubuta abin da ya faɗa. Na tambaya ko da layin rezo. Ya ce har da shi.

Na koma Dungas a kan babur da sabuwar takarda, na rubuta sha takwas a kowane layi da hannuna, dattijon yana murmushi. Na samu difloma. Bara wani mai ɗaukar ma'aikata ya duba takardar, ya tambaye ni ko na iya haɗa rezo. Na ce a aji na koya, ban taɓa yi a wurin aiki ba. Ya sake duba makin, ya dube ni.