Tasar Alwalar Kaka

Jiya da la'asar ɗiyata ta murza ganyen ɗoɗɗoya a tafin hannunta ta kawo mini hanci. Nan take na gan ni a tsakar gidanmu na Ƙofar Marke, ina ɗan yaro, tsugune da tasa a hannu.

Bari in ba ka labarin tasar nan. Gidanmu ba famfo ba rijiya, ruwa sai na 'yan garuwa, kuma ka san bazarar Sakkwato, ko ƙadangare inuwa yake nema. Duk da haka kakata, mahaifiyar babana, tana da lambu a gindin katanga. Lambun kuwa fasasshiyar randa ce da aka cika da ƙasa da kashin awaki, sai tsohon bokiti da gwangwanayen madara. Barkono na nan, alayyafo na nan, ɗoɗɗoya kuma ita ke da randa. Kaka ba ta taɓa ɗibar ruwan sha ta ba su ba, ruwan alwalarta take tara musu. In ta ɗauki buta, ni ke tara tasa a ƙarƙashin hannunta, ni ke kai wa shukar. A wasan kaka da jika "maigidana" take ce mini, ni kuwa na ɗauki abin da gaske. In ka ga tafiyata da tasar nan sai ka ce ni na gina gidan.

Gaskiya ɗaya ce, shukar ba ta taɓa jin daɗin hannuna ba. Nakan sheƙa ruwan da tsakar rana in ruga wasa.

Ana haka aka kawo ɗan gwaggona daga ƙauye ya yi makaranta a birni. Sa'ana ne, shiru-shiru, ga kaushi a ƙafa. Ba wanda ya sa shi, ya fara tusa yatsa cikin ƙasar randa. Ya rufe ta da ɓawon gyaɗa. Ya riƙa jan gwangwanaye yana bin inuwa da su, ruwan azahar kuma ya ajiye shi sai rana ta yi sanyi. Kafin damina ɗoɗɗoya ta cika randa, ƙamshinta har zaure.

Wata rana Kaka ta ɗauki buta, na taho da gudu. Ta dube ni tana murmushi.

"Wanga yaro hannu nai na da albarka. Maigida, ba ango tasa, kai ka huta."

Duk gidan aka yi dariya. Ni ban yi ba. Kishi ya kama ni, ko tuwo ban ci ba ran nan. Na yi ta fatan akuyarmu ta tsinke igiya ta cinye lambun, akuyar banza ta ƙi. Na shuka wake a gwangwanina, ina ta alwala ba lokacin salla ba don in sami ruwan ba shi, har ya ruɓe. Su kuwa kullum suna gindin katanga kai da kai, tana ce masa ango, ina leƙensu daga bayan turmi.

A wata bazara ciwo ya kwantar da Kaka, har alwala ta gagare ta, sai taimama. Tasa ta koma kife a bayan ɗaki, ba ni ba shi. Ni ke kawo mata dutsen taimama, ni ke mata fifita da mafici, na ce a raina komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ranar da za ta rasu ta buɗe ido ta kama hannuna. Na matsa kusa, ina jiran in ji "maigidana".

"Ina ango?" ta ce. "A ce mishi ɗoɗɗoya na jin ƙishi."

Kafin magariba ta cika. Na yi kukan rashinta, na kuma yi kukan maganar nan. Shi ya ci gaba da ba randar ruwan alwalarsa, da aka tashi rabon kayanta kuwa ba wanda ya yi gardamar wa za a ba randar.

Yau ina unguwar Arkilla. Ga rijiyar burtsatse, ga tanki a sama, ruwan da Kaka ba ta taɓa mafarkinsa ba. Amma duk abin da na shuka sai ya mutu. Ɗan gwaggon nawa, da furfurarsa, ya kawo mana reshen ɗoɗɗoyar nan a yankakkiyar jarka, jikar jikar ta randa, ya damƙa wa ɗiyata mai sunan Kaka. In ta ji sallamarsa, ko takalmi ba ta tsayawa sawa.

Jiyan nan da na ɗauki buta sai na ga ta tsuguna gabana da tasa. Na tambaye ta wa ya koya mata.

"Baffa yac ce in riƙa tara ruwan alwalakka. Amma yac ce kar in bari ka zuba da kanka."

Na gyara zama. Sannan na yi bisimilla, na miƙa hannu.