Sa Hannun Abdussamad

Duk wanda bokitinsa ya tsage a Anka ya san Abdussamad mai facin roba, da kaskon gawayinsa a bakin kasuwa. Abin da ba kowa ya sani ba, shekara shida ya yi a ɗakin gwaji na wata masana'antar roba a Kano, da farar riga har gwiwa.

Aikinsa a can awo ne. Roba, in ji shi, tarin zare ce da ido ba ya gani: in zaren dogo ne ta yi ƙarko, in gajere ne rana kaɗai ta isa ta tsaga ta. Yakan narkar da ɗan yanki a ruwan magani, ya tura shi cikin bututu mai cike da ƙwayoyi masu ramuka. Dogon zare ba ya shiga rami, shi ke fara fitowa. Gajeren kuwa sai ya yi ta leƙe-leƙe, ya fito a makare. Na'ura ta zana layi, Abdussamad ya karanta, ya sa hannu.

Da masana'antar ta koma narka tsofaffin robobin bola tana yin shuɗiyar jarka, layin ya tona asiri. Manaja ya ce ko ya sa hannu cewa lafiya lau, ko ya ajiye rigar. Ya dubi rigar nan, ya sa hannu. Bayan wata takwas suka sayar da na'urar, suka sallame shi. Me za a yi da mai awo, tunda shi da kansa ya nuna musu takarda na fita babu awo?

Mahaifiyarsa Inna Marka ba ta san wannan ba, ya kuma kasa faɗa mata. Tun suna Zugu, kafin 'yan bindiga su tashe su, take bin gida-gida tana cewa mata su sayi shuɗiyar jarka, ɗanta ne mai aunawa. Sun saya kuwa. Yanzu jarkokin nan yake yi wa faci, yana sane cewa facin ba zai kai sati ba. Takaicin nan ya tsofar da shi tun bai cika arba'in ba.

Ranar wata kasuwa sai ga Inna, zanenta jiƙe sharkaf, da jarka tsage tun daga wuya. Daga rijiyar bayan gari ta ɗauko ruwan.

"Inna, wagga roba ce..." ya fara.

"Kul!" ta katse shi. "Abin da ka auna da hannunka ba ya hwashewa. Ni ce tsuhwa ya ci, hannuwana sun bar riƙo. Kak ka gaya ma kowa, sai su yi man dariya."

Ya sa wuƙa a wuta, ya jira ta yi ja, ya yi wa jarkar faci mai kyau. Inna ta sa masa albarka, ta ɗauka ta koma rijiya.