Motar da Ba Ta Je Besut Ba

Pak Rosli ya yi rayuwar aikinsa duka yana duba sikelin 'yan kasuwa a garin Ipoh na ƙasar Malesiya, kuma har ya yi ritaya bai taɓa samun wanda ya gamsar da shi ba. Masu sayar da kifi kan ce ko gaisuwa ka yi masa sai ya auna ta kafin ya amsa. Da aka sallame shi, sai ya sayi mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da ɗan banɗaki, ya yi wa matarsa Rokiah alkawarin tafiyar farko garin Besut za su yi, wajen yayarta Kak Som, wadda ta raine ta, yanzu kuma tsufa ya kwantar da ita.

Abin da ya rage kawai shi ne a duba baƙin mai.

To, Pak Rosli ba ya duba mai irin na kowa. Sai inji ya huce, sai mai ya gama komawa ƙasa, sannan ya zaro geji, ɗan siririn ƙarfen nan, ya goge da farin ƙyalle, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗaga shi sama yana ƙanƙance ido. Don kada ƙasa ta yi masa ƙarya, har simintin tsakar gidan ya sa aka fasa aka sake zubawa ya miƙe sumul. Ranar farko man ya gaza layi da ɗan kaɗan. Ya ƙara. Bayan mako ya sake gazawa.

"Akwai inda yake zuwa," ya ce. "Ba ni hawa dutse da injin da ban san cikinsa ba."

"Abang, ƙasan motar nan a bushe yake ƙayau," in ji Rokiah, wadda Abang take kiran mijinta. "Ko aljanu ke sha?"

"Kiah, ke da girki, ni da awo. Mako mai zuwa, in Allah ya so."

Rokiah ba mace ce mai musu ba, amma tana da kunya. A wajensu ba a shiga gidan ɗan'uwa hannu rabbana, balle wanda aka saɓa wa alkawari. Saboda haka duk ranar da aka ɗaga tafiya, sai ta buga wa Kak Som waya ta ba da haƙuri, sannan ta ƙara tsaraba. Buhun shinkafa, katan na madara, sukari, tukunyar ƙarfe ta biki, daga baya har tsohon keken ɗinkin mahaifiyarsu. Duk tana jibge su a kusurwa ɗaya ta baya, ƙarƙashin gado, don kada su tare wa mijinta hanya. Shi kuwa bai taɓa leƙa can ba, don a ganinsa mota daga inji take farawa, a inji kuma take ƙarewa.

Ta haka motar ta riƙa karkata a hankali, mai yana gangarewa gefe, geji yana kawo sabon labari kowane mako. Ya ƙara, ya sake ƙarawa, ya canza kamfanin mai, ya sayo sabon geji don yana zargin tsohon. Makanikai biyu ya kora saboda sun ce motar lafiyarta ƙalau. 'Yan ƙungiyarsu ta masu irin wannan mota suka je bakin teku suka dawo, suka sake komawa, shi yana aika musu nasiha ta waya kan haɗarin duba mai a kan gangara. Har laƙabi suka sa masa, Likitan Mai, ya kuwa karɓa hannu bibbiyu.

"Kak Som ta ce in gaya maka ko a bas ne mu zo," Rokiah ta ce wata safiya.

"Bas? Da mota a ƙofar gida? Me mutane za su ce?"

A bas ɗin suka je daga ƙarshe, ranar da Kak Som ta rasu, kuma ko jana'izar ba su samu ba.

Bayan sun dawo, Rokiah ta ce a fito da kayan a kai masallaci sadaka. Maƙwabta suka yi ta jido, Pak Rosli yana tsaye baki sake, don bai san motarsa ta zama rumbu ba. Da aka sauke keken ɗinkin, ƙarfen ƙasan motar ya yi wata 'yar ƙara, motar ta miƙe tsaye. Shi da ya shekara da shekaru yana kama masu danna sikeli da yatsa, nan take ya gane abin da ya faru, kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Amma hali ba ya barin mutum. Da la'asar ya buɗe inji, ya zaro geji, ya goge, ya mayar. Man ya haura layi sosai, duk ƙarin da ya yi ta yi yana nan a ciki, ko ɗigo bai je ko'ina ba.

Rokiah na zaune a bakin ƙofa da ɗankwalin yayarta a cinya.

"Ya isa, Abang?" ta tambaya.

"Tun ranar farko ya isa," ya ce a hankali.

"To, sai ka rufe. Ba mu da inda za mu je."