Ranar da Illo Mahauci Ya Gudu

A shekarun da Nasara suka fara zama a barikin Sakkwato, an yi wani mai kilishi, Illo, wanda duk dukiyarsa wuƙa biyu ce da baki. Bakin ya fi wuƙaƙen kaifi. Inda yake shanya nama kuwa rina da ƙudan zuma ba sa rabuwa da wurin, har ya saba da harbi. Sai ya ɗaura wata laya a damtse, ya ce gadon kakansa ce, wai mai ita dafi ba ya cinsa. Mahauta suka ɗauka gaskiya ne, suna yi masa kirari.

Layar ta gaskiya tana gida, sunanta Bara'atu, matarsa, 'yar masu amya ce daga Wamakko. In ya shigo yana cije leɓe, takan duba wurin. In ta ga ƙari a maƙale, ta san zuma ce, sai ta kankare shi da bayan wuƙa, ba ta matsawa da farce don kada ta ƙara tura dafin. In babu ƙari, ga harbi biyu ko uku a jere, rina ce. Ta wanke, ta goga albasa, ta shafa ɗanyar laka mai sanyi. Washegari gwanin ya koma kasuwa yana shafa damtse, ko sunanta ba ya ambata.

Shekara ashirin ana haka. Ran nan zuma ɗaya tak ta harbe shi a ɗan yatsa, amma leɓɓansa ne suka kumbura kamar an hura salka. Borin jini ya feso masa har gadon baya, murya ta shaƙe, numfashi yana fita da ƙyar. Bara'atu ta kankare ƙarin, ta zaunar da shi jingine da bango, ta yage wuyan rigarsa, tana fifita tana kuka. Sai bayan la'asar Allah ya sassauta.

Ta ce, "Malam, wanga ba irin na da ba ne. An harbi yatsa, maƙogwaro ya kumbura. Haka anka yi ma yayana Ladan, harbi na biyun yat tahi da shi. Albasa ba ta kai nan. Ka ga zuma, ka gudu."

Illo ya ce, "Ni? Gudu?" Amma a ransa ya tsorata ƙwarai.

Bayan kwana tara sai ga masinja daga bariki. Zuma ta yi gida a rufin ɗakin wani Bature, an kuma ba shi labarin mahaucin da dafi ba ya ci, ya ce a kirawo shi ya cire ta. Bakin Illo ya jawo masa. Mahauta suka ajiye wuƙaƙe, suka sa shi gaba da kirari har bariki. Bara'atu ta bi su daga nesa da tukunyar busasshen kashin shanu tana hayaƙi.

Illo ya tsaya gindin tsani. Ya dubi rufin yana ta ƙugi, ya dubi abokan sana'arsa, ya taɓa layar. In ya hau, sunansa ya tsira. Sai zuma ɗaya ta sauko tana kewaya hancinsa, ya tuna yadda iska ta ƙi shiga ƙirjinsa. Ya tattare riga ya zura da gudu, takalmi ɗaya a nan, hula a can, bai waiwaya ba sai ƙofar gidansa. Har Baturen sai da ya riƙe ciki don dariya. Bara'atu ce ta nuna wa leburori yadda ake turara hayaƙi, aka kwashe zumar lafiya.

Daga ranar ya zama Illo Mai Gudu. Ya bar kilishi ya koma sayar da fatu, ya jefa layar a kwando. Abin ya yi masa ciwo, don mutum ne mai son a yabe shi, kuma ba a sake yabonsa ba.

Ya ƙara shekara talatin da ɗaya a duniya. Yawancin waɗanda suka yi masa dariya, da shi aka ɗauki makararsu. In wani ya tsokane shi yana tsufa, yakan ja numfashi mai tsawo, ya sauke a hankali, ya ce, "Ka ji wanga? Bara'atu ta ba ni shi."